Wa Zai Biya Kuɗin Titi da Magudana a Sabuwar Unguwa?

Tun bayan da aka sa hannu kan sabuwar dokar harajin ƙananan hukumomi ta Kamaru ranar 23 ga Disamba 2024, wata tambaya take ta dawowa a wuraren hira na Garwa, musamman a bakin waɗanda suka sayi fili a gefen gari, wajen Jambutu ko ƙetaren gadar Binuwai ta hanyar Ngaundere. Tambayar ita ce: shin ofishin magajin gari yana da ikon ware sabuwar unguwa ya aza mata haraji na dabam, wanda mazauna Yelwa ko Fulbere ba sa biya, da hujjar cewa da kuɗin za a yi mata titi, a haƙa magudana, a ja mata ruwa da wuta? Wasu na cewa wannan zalunci ne a fili, tunda kowa yana biyan haraji tun da can. Wasu kuma na kawo labarin Amurka, inda ake jin majalisun birane suna zama suna sabunta ƙa'idojinsu a kan irin wannan haraji, su ce ai haka duniya take yi. Kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiya, amma a yawan hirar da na saurara ana haɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne, wato harajin da kowa yake biya, da kuɗin da ake karɓa wajen ba da izinin gini, da kuma abin da ake kira yankin haraji na musamman.

Mene ne yankin haraji na musamman?

Yanki ne da ake shata wa iyaka a kan taswira, yawanci tun yana gona ko fako, a ce duk fili ko gidan da ya faɗa cikin wannan iyaka zai riƙa biyan ƙarin kuɗi a kan harajin da sauran gari yake biya, kuma ba za a kashe kuɗin ba sai a kan ayyukan wannan yanki kaɗai. Abin da ya bambanta shi da haraji na yau da kullum shi ne keɓewar. Harajin da ɗan kasuwa yake biya yana shiga babbar tukunya ne, daga nan a raba shi ga albashi da shara da fitilun titi na duk gari, alhali kuɗin yanki na musamman tukunyarsa dabam, kuma an san abin da za a dafa a cikinta tun kafin a ɗora ta.

A mafi yawan wuraren da ake aiki da tsarin, ba a jira kuɗin ya taru kafin a fara aiki. Ana cin bashi ne a yi titi da magudana a yau, sannan waɗanda za su zo su zauna a unguwar su riƙa biyan bashin shekara-shekara. Nan ne amfanin tsarin yake, nan ne kuma haɗarinsa, domin ranar da ake sa hannu a takardar bashin, mutanen da za su biya shi ba su ma sayi filayensu ba tukuna.

Inda tsarin ya yi ƙarfi da abin da ya haifar

A jihar Kalifoniya ta Amurka, masu zaɓe sun amince a shekarar 1978 da wani gyaran doka da ya taƙaita harajin gidaje ga kashi 1 cikin 100 na darajar gida. Birane suka wayi gari ba su da kuɗin shimfiɗa tituna da gina makarantu a sababbin unguwanni, sai majalisar jihar ta yi dokar da aka fi sani da Mello-Roos a 1982, wadda ta ba da damar kafa irin waɗannan yankuna idan kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a a yankin sun yarda. Akwai wani sashe na wannan doka da ya kamata mai karatu ya lura da shi: idan masu rajistar zaɓe a yankin ba su kai 12 ba, masu filaye ne suke jefa ƙuri'a, kuma gwargwadon faɗin filin mutum gwargwadon nauyin ƙuri'arsa. Ma'ana, kamfani ɗaya mai filin yana iya amincewa da harajin da ɗaruruwan iyalai za su biya bayan ya sayar ya tafi.

A jihar Kolorado, ita ma ta Amurka, inda irin waɗannan yankuna da ake kira gundumomi suka haura 1,000, gundumar hukuma ce mai majalisarta, mai ikon cin bashi da aza haraji, amma ba a kafa ta a cikin birni sai majalisar birnin ta amince da takardar tsarin aikinta. Sharuɗɗan wannan takarda ne ake nufi idan aka ji majalisar birni tana sabunta ƙa'idojinta. A ƙarshen shekarun 1980, da kasuwar gidaje ta faɗi a jihar, wasu gundumomi sun kasa biyan bashinsu, kuma da yake ba a sa wa harajin iyaka ba, nauyin ya faɗo kan ’yan tsirarun da suka riga suka tare. Daga wannan darasi ne birane suka koma suna rubuta iyakar harajin, da yawan shekarun da za a yi ana biyansa, da lokacin da mazauna za su karɓi kujerun majalisar gundumar daga hannun mutanen kamfani. A 2021 majalisar jihar ta ƙara dokar da ta wajabta a sanar da mai sayen sabon gida irin harajin da yake jiransa kafin a ƙulla ciniki.

Faransa, wadda dokokinmu suka fi kusa da nata, ta bi wata hanya. Tun dokar filaye ta 1967 take da tsarin yankin raya ƙasa na haɗin gwiwa, inda hukuma da mai raya fili suke ƙulla yarjejeniyar wanda zai ɗauki nauyin me. Daga 2012 kuma akwai harajin da ake biya sau ɗaya a kan izinin gini, wanda kason ƙaramar hukuma yake tsakanin kashi 1 zuwa 5, amma majalisa tana iya ɗaga shi har kashi 20 a wani sashe na gari idan ta rubuta dalili, ta nuna manyan ayyukan da sashen yake bukata. Ƙasar Kolombiya ma tun 1921 take da dokar karɓar gudummawa daga masu filayen da darajarsu ta tashi saboda aikin hukuma, kuma da ita aka gina tituna da yawa a Bogota.

Abin da dokar Kamaru ta ce

A nan ne mafi yawan ruɗanin yake. Magajin garin Garwa, ko na Marwa, ko na Ngaundere, ba shi da ikon ƙirƙirar haraji. Sashe na 26 na kundin tsarin mulki na 1996 ya sanya ƙirƙirar haraji, da tsayar da ma'auninsa, da hanyar karɓarsa, a hannun majalisar dokoki ta ƙasa. Ƙa'idar da dokar harajin ƙananan hukumomi ta 2009 ta rubuta a fili ita ce ƙaramar hukuma ba ta karɓar wani haraji sai doka ta ƙirƙire shi, majalisarta ta kaɗa ƙuri'a a kansa, sannan hukumar da ke sa ido ta amince. Haka kuma matakan mulkin da tsarin mulki ya ambata su ne manyan yankunan ƙasa da ƙananan hukumomi, duk wani mataki na dabam sai doka ta kafa shi. Saboda haka gunduma irin ta Kolorado ba za ta faɗo mana daga takardar da wani ya sa wa hannu a ofis ba. Duk wanda ya zo ƙofar gidanka yana neman kuɗi da sunan harajin sabuwar unguwa, haƙƙinka ne ka tambaye shi dokar da ya dogara da ita da kuma rasit na hukuma.

Abin da ya fi fitowa fili a dokar 2024 shi ne haɗe harajin ƙananan ’yan kasuwa ya zama dunƙulallen haraji guda, da kuma kafa cibiyoyin haraji da za su kula da kuɗin shigar ƙananan hukumomi. Sauran kafofin kuɗin shiga da aka sani suna nan a tsarin harajinmu tun da daɗewa: ƙarin kashi 10 da ake ɗorawa kan wasu harajin gwamnati domin ƙananan hukumomi, wanda shi ne ya mayar da harajin saye daga 17.5 zuwa 19.25 cikin 100, da harajin raya ƙasa da ake cira a albashi domin fitilu da shara da ruwa, da harajin fili da gida. Ban da waɗannan akwai asusun FEICOM da aka kafa a 1974 domin tallafa wa ƙananan hukumomi, da kuma alƙawarin dokar 24 ga Disamba 2019 na cewa kason da gwamnatin tsakiya za ta ware musu ba zai gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta ba. Wannan doka ta 2019 ce kuma ta maye gurbin wakilin gwamnati da ake naɗawa da zaɓaɓɓen magajin gari a manyan birane 14, har da namu uku na arewa.

Wannan ba yana nufin birni ba shi da abin yi ba. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta tanadi taswirar ci gaban gari da ta amfani da filaye, ta tanadi sharuɗɗan yanka filaye, na gwamnati da na ƙaramar hukuma da na masu zaman kansu, ta kuma san da aikin raya yanki na haɗin gwiwa da ƙungiyar masu filaye da suke haɗa kai su tsara yankinsu. Tun 1977 ma akwai hukumar MAETUR, wadda aikinta shi ne ta shimfiɗa hanyoyi ta kai ruwa da wuta kafin ta sayar da fili, kuɗin aikin yana cikin farashi. Idan birninmu zai sabunta wata manufa a kan sababbin unguwanni, ta waɗannan ƙofofi zai shiga, wato ta sharuɗɗan izinin yanka fili da yarjejeniya da masu filaye.

Harajin da ake biya ba tare da rasit ba

Wani ƙanen mahaifina ya tare a gidansa a wata sabuwar unguwa ta gefen Garwa, kuma na kwana biyu a wurinsa a tsakiyar damina. Da safe mai ruwa ya turo kurarsa ya tsaya can nesa, domin taɓon da ke gaban gidan ba ya ratsuwa, yara suka riƙa ɗauko jarkoki ɗaya-ɗaya a ka. Mai babur ɗin da ya kawo ni daren jiya ya sauke ni a inda kwalta ta ƙare, ya ce ko an ninka masa kuɗi ba zai shiga ba. Bayan sallar la'asar sai ga littafin karo-karo yana zagayawa a ƙofar masallaci, ana tara kuɗin tifar jar ƙasa da za a zuba a mashigar unguwa, kuma a shafukan baya na littafin na ga karo-karon turakun wuta da na gyaran rijiyar burtsatse. Baffan nawa ya nuna mini sunansa a kowane shafi, ya ce: “Ɗana, kullum ana cewa kada a sa mana haraji, to wannan da kake gani mene ne sunansa?”

Ban sami abin da zan ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Mazauna sababbin unguwanni sun daɗe suna biyan kuɗin ababen more rayuwa, sai dai suna biya da tsada, a warwatse, kuma jar ƙasar da aka zuba bana ruwan baɗi ne yake kwashe ta tunda babu magudana. Wanda bai biya komai ba a wannan lissafi shi ne wanda ya yanka gonarsa ya sayar, bai bar faɗin hanya mai kyau ba, bai bar filin makaranta ko na asibiti ba, ya ci ribar kusancin gari ya yi gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganina, duk muhawarar da ta tsaya kan a biya ko kada a biya ta ɓata hanya, domin ana biya tun tuni. Abin da ya rage a tsayar shi ne wanda ya kamata ya fara biya, da kuma takardar da za ta kare wanda ya biya.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a yanke hukunci

Bari mu ƙaddara misali, ba don wata unguwa takamaimai ba. A ce yanki ne mai filaye 500, kuma titi da magudana da ruwa da wuta za su ci sefa miliyan 500. Kowane fili ya tashi da miliyan 1. Ma'aunin harajin fili da gida da aka daɗe ana aiki da shi a Kamaru shi ne kashi 0.1 cikin 100 na darajar dukiyar, wato gidan miliyan 10 yana biyan sefa 10,000 a shekara. Ko da an gina dukkan filayen, kowa kuma ya biya ba fashi, abin da zai taru miliyan 5 ne a shekara, kuma sai an shekara 100 kafin a haɗa kuɗin aikin. Wannan ya nuna dalilin da ya sa harajin da ake da shi ba ya iya gina sabuwar unguwa, ko da magajin gari ya fi kowa riƙon amana.

Idan aka raba miliyan 500 ɗin a kan shekara 20, ba a ma sa kuɗin ruwan bashi ba, kowane fili zai biya 50,000 a shekara. Mai albashi ko ɗan kasuwa mai ɗan ƙarfi zai iya, wataƙila ma ya ga sauƙi idan ya kwatanta da abin da yake kashewa a ruwa da babur. To amma a ce filaye 200 kaɗai aka gina, sauran 300 masu su suna Duwala ko Yawunde sun saya sun ajiye suna jiran tsada. Idan a kan gidajen da aka gina kawai aka aza harajin, kowane gida zai koma biyan 125,000. Abin da ya faru a Kolorado ke nan, kuma a garuruwanmu, inda ake shekara goma ana gini bulo-bulo, wannan haɗari ya fi kusa. Shi ya sa duk tsarin da bai sa filin da aka bari fako ya biya kasonsa ba, hukunci ne a kan wanda ya yi ƙoƙari ya gina.

Abin da ɓangarorin suke cewa

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa ba adalci ba ne tsofaffin unguwanni, waɗanda su ma magudanansu suke cushe, su ɗauki nauyin faɗaɗar gari, kuma yin titi kafin a yi gini ya fi arha nesa ba kusa ba a kan rushe katangun mutane daga baya a biya diyya. Suna kuma nuna cewa manyan ayyukan da Garwa ta gani, irin na shirin manyan biranen yankuna da aka yi da kuɗin yafe bashin Faransa, da waɗanda aka yi domin gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka buga a filin Rumde Ajiya a farkon 2022, abubuwa ne da suke zuwa jefi-jefi, kuma birni ba zai dogara da su wajen kowace sabuwar unguwa ba.

Masu adawa kuma damuwarsu ta farko amana ce. Kuɗin ƙananan hukumomi yana bi ta baitulmalin gwamnati ne, kuma magadan gari da kansu sun sha kokawa kan jinkirin isowarsa, to mene ne tabbacin cewa kuɗin da aka keɓe wa unguwa zai dawo mata? Damuwa ta biyu ita ce rabuwar gari gida biyu, unguwannin masu hali su sami kwalta saboda suna iya biya, talaka kuma a tura shi can gaba, sau da yawa zuwa kwarin da ruwa yake kwanciya, kuma wanda ya ga ambaliyar 2012 a gaɓar Binuwai ya san abin da hakan yake nufi. Akwai kuma maganar kuɗin ruwa, wadda ba ƙarama ba ce a wurin jama'armu, domin mutane da yawa ba za su so a ɗaure gidajensu da bashi mai riba na shekara 20 ba tare da an tambaye su ba. Hanyar da ta fi sauƙin karɓuwa ita ce a sa kuɗin aikin cikin farashin fili, ko a yi aikin mataki-mataki gwargwadon abin da ya shigo, a fara da magudana da buɗe hanya kafin a yi maganar kwalta.

Takardar fili, inda komai yake tsayawa

Babu yankin haraji da zai yi aiki idan ba a san mai kowane fili ba. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta ce cinikin fili mai zaman kansa sai a gaban notaire, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, kuma sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba ɓatacce ne a idon doka. Duk da haka, ɗimbin filayen gefen garuruwanmu da takardar hannu aka saye su, da shaidar jauro ko lawan da dattawan unguwa, ba a kai ga takardar mallaka ta hukuma ba, duk da gyaran da aka yi a 2005 domin a kusanto da bayar da ita zuwa matakin yanki. Mutumin da yake riƙe da irin wannan takarda yana tsoron duk wani rajista, yana ganin ko dai haraji ne ko kuma ƙwace. Idan ana so ya fito ya rubuta sunansa ya biya, dole ne ya ga abin da zai samu, kuma abin da ya fi so a duniya shi ne takardar da za ta tabbatar wa ’ya'yansa gidan bayan ransa.

Saboda haka, idan wata rana aka kawo wannan magana gaban majalisar birni ko majalisar dokoki, ni abin da zan fara dubawa shi ne ko an wajabta wa mai yanka fili ya buɗe hanyoyi ya ware filayen jama'a kafin a ba shi izinin sayar da ko da fili ɗaya. Bayan haka sai in duba ko an rubuta iyakar abin da gida zai biya a shekara da ranar da biyan zai ƙare, ko filin da ba a gina ba yana cikin lissafi, da ko mazauna unguwa, tare da jauronsu, suna da wakilai masu ikon ganin asusun da kuma tsayar da aikin da ba a yi daidai ba. Mai sayen fili kuma a rubuta masa adadin a cikin takardar cinikin kanta, a karanta masa da Hausa ko Fulatanci a gaban shaidu idan ba ya jin Faransanci, kafin ya miƙa kuɗinsa.